Makon Ƙarshe a Bakin Ƙofar Baya

A unguwar West End ta birnin Landan, inda manyan gidajen wasan kwaikwayo kusan 40 suke, kowane gida yana da ƙofa iri biyu. Ta gaba ta 'yan kallo ce, mai fitilu da hotuna da masu duba tikiti. Ta baya kuwa galibi a lungu take, ƙarama, da mai gadi zaune a gaban littafin sa hannu, kuma ta nan 'yan wasa da ma'aikata suke shiga. Idan wasan yana da yara a cikinsa, a wannan ƙofar ce iyaye suke miƙa 'ya'yansu ga mai kula da yara wadda hukuma ta tantance. Sai ta rubuta lokacin da yaro ya iso, ta ja hannunsa su shige. A manyan wasanni uwa da uba ba su da gurbi a ciki.

Rufe ƙofar nan ya fi ciwo a makonni biyu na ƙarshe kafin a buɗe wasa. A lokacin ne yaro ya fi gajiya da fargaba, a lokacin ne kuma iyayensa suka fi jin cewa lallai su yi wani abu. Wahalar ita ce gane ko mene ne abin. Aikin iyaye a wannan mako ya kasu gida biyu. Akwai abin da dole su janye hannu daga kansa, wato wasan. Akwai kuma abin da in suka saki babu mai riƙe musu, wato yaron: barcinsa, lafiyarsa, haƙƙinsa, da yadda yake kallon kansa idan an tuɓe masa suturar wasa. A takarda rabon yana da sauƙi. A daren da yarinya 'yar shekara 10 ta fito tana kuka, gane wane ɓangare kukan ya shafa shi ne dukkan aikin.

Abin da ke gudana a ciki

Irin wasan da ake magana a kai shi ne wanda ake haɗa zance da waƙa da rawa a dandamali ɗaya, gaban jama'a, babu damar yankewa a sake kamar yadda ake yi a fim. A West End da kuma Broadway ta birnin New York, al'adar ita ce a yi wasa sau 8 a mako, kowanne kimanin awa biyu da rabi.

Shiri yana farawa ne a wani zaure na daban mai madubai da fiyano guda, an liƙa layuka a ƙasa don nuna inda bango da matakala za su kasance. A nan ake shafe makonni ana koyon waƙa da taku. Daga nan sai ranar da mawaƙa za su haɗu da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa karon farko, zaman da ake kira da sunansa na Jamusanci, Sitzprobe, ma'ana gwajin zaune. Yaron da ya saba da fiyano ɗaya sai ya ji ganguna da ƙahonni da goge sun taso masa lokaci guda, ya koyi nemo muryarsa a cikinsu.

Bayan wannan ake ƙaura zuwa ainihin dandamali domin atisayen na'urori, wanda shi ne mafi cin rai. Kowane sauyin fitila, kowane sauti, kowane bangon da zai zame ko lilon da zai sauko, yana da lambarsa, manajan dandamali kuma shi ke kiran lambobin ɗaya bayan ɗaya ta na'urar kunne. Waƙar minti uku tana iya cinye rabin yini. A ce wa yaro ya tsaya a kan alama, sanye da suturar wasa, an manna masa ɗan ƙaramin makirufo a gaban goshi cikin gashi, akwatin batir a ƙugu. Ya rera layi biyu a ce tsaya. Ya jira minti ashirin ana gyara fitila, a ce koma baya. Manya ma suna ƙosawa da wannan, balle wanda bai gama firamare ba.

Sai kuma gwajin ƙarshe da cikakkiyar sutura daga farko har ƙarshe, sannan wasannin share fage, waɗanda jama'a ke biyan kuɗi su kalla alhali ana ci gaba da gyara da rana. Ƙarshen tafiyar shi ne daren 'yan jarida, lokacin da masu sharhi ke zuwa su yanke hukunci. A duk tsawon wannan zango abubuwa suna sauyawa. Layin da yaro ya haddace wata biyu ana iya cire shi da safe. Takun da yake farawa da ƙafar dama ana iya mayar da shi hagu saboda wani keken kaya zai wuce ta wurin. Bayan kowane gwaji ana tara 'yan wasa a karanta wa kowa gyaransa: daga darakta, daga mai tsara rawa, daga shugaban kiɗa, wani lokaci har daga mai koyar da lafazi.

Abin da doka ta ƙirga, da abin da ta bari

A Ingila yaron da bai kai shekarun barin makaranta ba ba ya hawa irin wannan dandamali sai da lasisi daga ƙaramar hukumar da yake zaune a cikinta. Tushen wannan shi ne dokar yara da matasa ta 1963, da ƙa'idojin da aka sabunta a 2014. Kamfanin wasa ne ke neman lasisin, aƙalla kwana 21 kafin wasa. Ga yaro mai shekara 9 zuwa sama, ba zai wuce awa 9 da rabi a wurin aiki a yini ba, kuma a ciki wasa da atisaye ba za su wuce awa 5 ba. Mai shekara 5 zuwa 8 awa 8 ne a wurin, 3 a kan aiki. Ba a farawa kafin 7 na safe, ba a wuce 11 na dare. Ba a yin fiye da kwana 6 a jere, kuma dole a sami hutun awa 12 tsakanin tashi daga aiki da dawowa. Mai kula ɗaya ba za ta riƙe yara fiye da 12 ba. Idan aikin ya hana yaro zuwa makaranta, sai an tanadi malami, a yi masa karatun da ya kai kimanin awa 3 a kowace ranar makaranta.

Waɗannan ƙa'idoji, da nauyin da ke kan muryar yaro, su ne dalilin da ya sa ake raba babbar rawa ɗaya tsakanin yara da yawa. Wasan Matilda, wanda kamfanin Royal Shakespeare ya gina a kan littafin Roald Dahl na 1988, ya fara a Stratford-upon-Avon a 2010, ya koma gidan wasa na Cambridge a Landan a 2011 da 'yan mata huɗu suna karɓa-karɓa a rawar Matilda. A 2012 su huɗun suka raba lambar yabo ta Olivier ta gwarzuwar jaruma, ɗaya daga cikinsu, Eleanor Worthington Cox, tana da shekara 10 kacal. Kafin su, a 2006, samari uku da suka fara taka rawar Billy Elliot a gidan wasa na Victoria Palace sun raba irin wannan lambar, sannan a 2009 wasu uku a Broadway suka raba lambar Tony.

Sai dai akwai wani lungu a ƙa'idojin da iyaye da yawa ba sa lura da shi. Atisayen da alƙaluman nan suke ƙirgawa shi ne na ranar wasa, ko wanda ya faɗo tsakanin wasan farko da na ƙarshe. Atisayen da ya gabaci wasan farko ana bayyana shi ne a takardar neman lasisi, hukuma kuma tana iya gindaya masa sharuɗɗa, amma alƙaluman ba su hau kansa kai tsaye ba. Ke nan makon da ya fi kowanne wahala shi ne wanda awon doka ya fi rauni a kansa. Haka kuma hutun awa 12 ana lissafa shi ne daga ƙofa zuwa ƙofa. Jirgin ƙasa, cin abinci, wanka, aikin gida na makaranta, duk a cikinsa suke. Likitocin barci a Amurka sun ba da shawarar awa 9 zuwa 12 na barci ga yaro mai shekara 6 zuwa 12. Wanda ya ɗebe tafiyar awa biyu daga cikin 12 zai ga abin da ya rage. Wannan lissafin babu mai yin sa sai iyaye.

Darakta na biyu

Wasu ma'aurata mazauna wajen Landan sun ratsa wannan mako da 'yarsu mai shekara 10, ɗaya daga cikin 'yan mata uku da aka raba wa babbar rawa a wani sabon wasa. Uwar ma'aikaciyar jinya ce, ta musanya ranakun aikinta da abokan aiki don ta riƙa kai ta da ɗauko ta. Uban ya taɓa zama a ƙungiyar mawaƙa a ƙuruciyarsa, yana da kunne, kuma kunnen nan ne ya fara kawo matsala.

Yana jin 'yar tana bitar babbar waƙarta a ɗaki, sai ya lura tana yanke numfashi a tsakiyar jimla, inda shi a ganinsa bai dace ba. Ya nuna mata ta riƙe har ƙarshe, suka maimaita har ta iya. Washegari a dandamali ta riƙe, sai ta riga makaɗa isa layi na gaba, aka tsayar da gwajin. Ashe shugaban kiɗa da gangan ya ajiye numfashin a wurin, domin a daidai nan fitila ke sauyawa, kuma ana son ta juya. Da dare ta ce wa uban, ba tare da ta ɗaga kai daga kwanon abinci ba: "Baba, don Allah ka daina gyara mini. In na hau sai in rasa maganar wa zan bi."

Uban bai yi kuskure a kan waƙa ba. Abin da bai gani ba shi ne sauran abubuwa goma da aka ɗaure a jikin numfashin nan. Duk mai gyara daga gida yana gyara ne da rabin labari, kuma a dandamalin da bangaye ke tafiya a cikin duhu, taku ɗaya da aka sauya a falo yana iya zama haɗari. Bayan haka akwai yawan gyaran kansa. Yarinyar tana dawowa da shafi guda na abubuwan da manya huɗu suka ce ta gyara kafin gobe. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Na biyar ɗin da za a ƙara mata, daga bakin wanda ba ta iya yi wa musu, ba zai inganta waƙar ba. Zai mayar da gida ya zama wani zauren gwajin ne kawai, ta rasa inda za ta zauna ba a auna ta.

Duniyar wasan kwaikwayo ta san wannan cuta har ta yi mata wasa sukutum. Gypsy, wanda aka buɗe a Broadway a 1959 da Ethel Merman a gaba, labarin Rose Hovick ne, uwar da ta yi ta jan 'ya'yanta mata biyu daga dandamali zuwa dandamali tana cika burinta da rayuwarsu. Masu kallo kan fita suna Allah wadai da ita, kowa yana ganin shi ba haka yake ba. Amma ba da mugunta abin yake farawa ba. Yana farawa ne da uba mai kunne da ke son 'yarsa ta yi kyau, ko uwar da ta sadaukar da hutunta na shekara, wadda zuciyarta ta soma ɗaukar wasan a matsayin nata ita ma.

Daga wannan dare ma'auratan suka yi wa kansu doka. In 'yar ta nemi a riƙe mata takarda a duba haddarta, za a riƙe, a faɗi layin da ta tsallake, a yi shiru a kan yadda ta faɗe shi. A jirgin ƙasa ba a tambayar yadda gwaji ya kasance sai in ita ta ɗauko zancen. Tambayoyin uwar suka koma na abinci da ruwa da takalmin da ke matse yatsa. Abin mamaki, da aka daina tambaya sai labarin ya riƙa zuwa da kansa, galibi bayan tasha ta uku, baki cike da burodi.

Daren da aka ba wata

Raba rawa tsakanin yara uku yana kare lafiyarsu, amma daren 'yan jarida ɗaya ne, kuma yarinya ɗaya ce za ta hau. Da jadawalin ya fito, sunan wata ne a wurin. Tasu an ba ta wasan rana na washegari.

A irin wannan gaɓa hanyoyi biyu ke buɗe wa iyaye, dukansu masu daɗin bi. Ta farko a ɗauki waya a kira kamfani a nemi bayani. Ta biyu a rarrashi yaro da rage darajar ɗayan: ai son kai aka yi, ai kin fi ta murya. Ta farkon tana sa a ɗauki iyalin a matsayin masu wuyar sha'ani, kuma yaron ne zai zauna da sakamakon a ciki. Ta biyun ta fi ɓarna, domin 'yan matan nan uku za su shafe watanni a ɗakin shiri ɗaya da aji ɗaya, kowace tana jiran ko-ta-kwana a daren 'yar uwarta, kuma babu wani a duniya da ya san abin da suke ciki kamar junansu. Wanda ya shuka gaba a tsakaninsu ya raba 'yarsa da ƙawayen da ta fi buƙata.

A tashar jirgi yarinyar ta yi tambayar da ake tsoro: "Mama, ta fi ni ne?"

Uwar ta ce: "Ban sani ba, 'yata. Ban ga nata ba, naki ma ban gani ba tukuna. Na dai san abin da ciwo, kuma ba laifi ba ne ki ji ciwonsa. In kin huce, gobe ki je ki taya ta murna."

Amsar ba ta share hawayen ba, amma ba ta ƙunshi ƙarya ba, kuma yaran wannan shekaru suna gane ƙaryar rarrashi tun kafin a rufe baki. Zaɓen wanda zai hau wani dare yana iya rataya a kan abubuwa da dama: wa ya huta, wa ya fi samun lokacin gwaji da makaɗa, yadda kwanakin lasisi suka faɗo, ko kuma ra'ayin darakta kawai, wanda haƙƙinsa ne. Wannan duk yana cikin ɓangaren da iyaye suka janye hannu daga kai.

Inda shiru yake zama laifi

Kwana biyu kafin gwajin ƙarshe yarinyar ta tashi da dasasshiyar murya. Dashewa alama ce ta kumburi a tantanin maƙogwaro da ke fitar da sauti, kuma rera waƙa a kansa yana ƙara kumburin. Raɗa ma takura ce gare shi. Maganinsa na farko hutu ne da shan ruwa, in ya ƙi tafiya kuma sai likita. Yarinyar ta san haka, amma ta riƙe hannun uwar tana roƙo: "Mama, kada ki gaya musu. Za su cire ni."

Tsoron nata yana da tushe a tarihin sana'ar. A 1996 wata yarinya mai suna Joanna Pacitti ta ci gasar da kantin Macy's ya ɗauki nauyi don nemo wadda za ta taka rawar Annie a bikin cikar wasan shekara 20. Ta yi wasa sama da 100 a rangadin garuruwa, sannan a farkon 1997, makonni kaɗan kafin a buɗe a Broadway, tana fama da ciwon ƙirji, aka sallame ta aka ɗora wata daga cikin yaran wasan. Shekarunta 12, kuma maganar sai da ta kai kotu. Ko Annie ta asali ma haka ta faru: a gwajin farko na 1976 an sauya yarinyar da ta fara rawar, aka ba Andrea McArdle, wadda ita ce duniya ta sani da wasan ya isa Broadway a 1977. Gidan wasa kasuwanci ne da aka zuba wa kuɗi masu yawa, kuma ƙaunar da ma'aikatansa ke yi wa yara, ko da ta gaskiya ce, tana da iyaka a inda maslahar wasan ta fara.

Duk da haka uwar ta gaya wa mai kula da yara da safen nan, a gaban 'yar, don kada ta ji an yi mata ta bayan fage. Aka hutar da ita kwana biyu, wata ta yi gwajin ƙarshe a madadinta. Yarinyar ta yini ba ta kalli uwar ba. Uwar ta haɗiye wannan, domin ta yi lissafin da ɗan shekara 10 ba zai iya yi ba: gwaji ɗaya a gefe guda, muryar da za a yi amfani da ita shekara 70 a ɗaya gefen. Ba a cire ta ba, amma ko da an cire ta hukuncin uwar daidai ne. Darakta yana duban daren Alhamis. Mai kula da yara tana duban yinin yau, da yara da yawa a hannunta. Mutum biyu ne kawai a cikin lamarin aka ɗora wa duban shekara 20 masu zuwa.

Haka batun takarda da kuɗi. Iyayen da suka yi shiru a kan waƙa bai kamata su yi shiru a kan kwantiragi ba: tsawonsa, sharuɗɗan sallama, wa ke biyan kuɗin mota da masauki, awa nawa aka bayyana wa hukuma na atisaye, kuma shin abin da ake yi ya dace da abin da aka rubuta. Tambayar waɗannan cikin ladabi, ta hannun manajan kamfani ko mai kula da yara, ba katsalandan ba ne. Sannan akwai tambayar da iyaye za su yi wa kansu. Jackie Coogan, yaron da ya fito tare da Charlie Chaplin a fim ɗin The Kid a 1921, ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye mafi yawan dukiyar da ya tara, ya kai su kotu a 1938. Shari'arsa ce ta haifar da dokar jihar Kalifoniya ta 1939 da ake kira da sunansa, wadda a yau ta wajabta ajiye kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro a asusun da ba a taɓawa har ya girma. Jihar New York ta yi makamanciyarta a 2003. Abin lura shi ne dokar nan ba daga kamfanoni take kare yaro ba. Daga iyayensa take kare shi.

Rawar da ke da wa'adi

Abu na ƙarshe da iyaye ke riƙe wa yaro shi ne sanin cewa abin zai ƙare, kuma ba da daɗewa ba. Kwantiragin yara galibi na watanni ne, sau da yawa shida, a sabunta ko kada a sabunta. Ana ɗaukar su ne bisa tsawo da murya. Yarinyar da za ta fito a Matilda dole ta zama ƙarama a ido kusa da manyan 'yan wasa, saboda haka akwai iyakar tsawon da ba a wucewa. Yaron da ke taka Billy Elliot wa'adinsa yana cika da zarar muryarsa ta fara buɗewa. Babu ƙwazon da ke hana wannan. Mafi ƙwarewar yaro a West End yana rasa aikinsa ne saboda jikinsa ya yi abin da aka halicce shi ya yi.

Saboda haka shirin ranar fita tun a makon shiga ake fara shi, da ƙananan abubuwa. Ma'auratan nan ba su ɗauke wa 'yarsu wanke kwanonta ba ko a makon buɗe wasa. Sun bar ta ta halarci bikin zagayowar haihuwar ƙawarta ta makaranta a ranar hutunta, maimakon a zauna bita. Ƙanenta mai shekara 7, wanda ya shafe makonni yana cin abincin dare a gidan maƙwabta, uban ya keɓe masa safiyar Asabar ta ƙwallo, ba a ambaton wasan kowa a cikinta. Da dangi suka fara kiran yarinyar da sunan rawar da take takawa, uwar ta roƙe su da su ci gaba da kiranta da sunan da aka raɗa mata. Manufar duk ɗaya ce: idan suturar ta koma ɗakin ajiya, aka ɗinke ta daidai jikin wata, ya zama akwai rayuwar da yarinyar za ta koma cikinta, ba sai an gina sabuwa ba.

Ba sai mutum yana da ɗa a West End zai gane wannan hali ba. Duk wanda ɗansa ya taɓa isa zagayen ƙarshe na gasar muhawara ko ta karatu ko ta ƙwallo ya san ƙaiƙayin da ke kama harshe a daren jajibiri, da yadda nasarar yaro ke rikiɗewa ta zama ta iyaye ba tare da an ankara ba. Bambancin gidan wasa shi ne ya fito da abin fili, ya sa masa ƙofa da littafin sa hannu da alƙaluma.

A ɗakin sutura akan auna yaran lokaci zuwa lokaci, kuma kowa ya san abin da ƙarin santimita yake nufi, har wasu yaran kan ɗan rage tsayuwa idan an kawo awo. A gidan ma'auratan nan akwai wani awon, layukan fensir a jikin ƙyauren kicin, kowanne da kwanan wata, tun yarinyar tana shekara biyu. Wata huɗu da buɗe wasan uban ya tsayar da ita a wurin, ya ɗora littafi a kanta ya ja sabon layi. Ya haura na baya da kusan yatsa biyu. Su ukun sun san ma'anar hakan ga kwantiragi na gaba. Uwar ta rubuta kwanan wata a gefen layin kamar yadda ta saba, ta kira ƙanen ya zo ya ga yadda yayarsa ta girma, aka kuma dafa abin da ta fi so a daren.